Gindi Tara na Kumatun Amarya

Novosibirsk, 24 ga Oktoba, 1968

Zuwa ga Normurod-jon, jikan ɗan baffan mahaifina, malamin lissafi, kuma mai tsaron gidana.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da 'yan makarantarka da akuyar nan tawa mai baƙin hali. Ni dai lafiyata ƙalau daga ƙugu zuwa sama. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa ta likitoci ce. Kwana uku da isowata da buhunan zabibi, na fito daga kasuwa, ashe ƙanƙara ta mayar da titi madubi. Na taka, sai ga ni kwance ina kallon sama. Ƙashin cinya ya karye. Sun rataye mini ƙafa da igiya kamar rago a mahauta, sun ce wata uku in na yi ladabi. Zabibin na bar wa Eshonkul mutumin Urgut ya sayar. Ba zai cuce ni fiye da yadda ya saba ba.

Na ce maka mako biyu zan yi in dawo. To, ga yadda ta kasance. Aikin kaka ya faɗo kanka, kai da ka girma a bene hawa na huɗu a Tashkent, kana tsammanin inabi a faranti yake tsirowa. Saboda haka ka karanta a tsanake.

Sauran lambun ko ka yi sakaci da shi zan yafe. Amma gindi taran nan da ke bayan ɗakin shanya zabibi, su ne inabin da ake kira Kumatun Amarya. Ka ci su a Agusta, ka ga yadda suke, fari da ɗan ja a gefen da rana ta taɓa, ba ƙwaya ko ɗaya a ciki. Abin da ba shi da ƙwaya kuwa ba a shuka shi, sai dai a dasa reshe. Kakana ne ya ɗauko su a bayan jaki, kuma babu mai irinsu a duk ƙasar Samarkand sai gidanmu, in ka cire ɓarawo guda da ba zan ambata ba.

Ka yi musu aski, ka bar ido takwas a kowane reshe. Duk abin da ka datse ka tattara shi ka zuba a tanderu a ranar, ka tsaya a kai sai ya zama toka. Haka ubana ya yi, haka nasa uban. Inabi muna ba kowa, har da kwando, amma reshe ba ya fita daga gidan nan. Sannan ka kwantar da su, ka binne su da ƙasa mai kaurin kamu guda kafin tsakiyar Nuwamba.

Abu na ƙarshe. In wani daga gidan ƙanwata Oynisa ya zo, ka ba shi shayi a ƙofa, amma kada ƙafarsa ta taka lambu. Kada ka tambaye ni dalili.

Baffanka, Hazratkul

*

Ƙauye, 6 ga Nuwamba

Baffa Hazratkul mai daraja,

Gaisuwa mai yawa da jaje. Wasiƙarku ta iso shekaranjiya, na karanta wa dattawa a shagon shayi, kowa ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Maƙwabcinku Boltavoy ya ce shekara arba'in yana faɗa muku ku riƙa duba ƙasa in kuna tafiya. Akuya tana lafiya, ta cinye mini littafin jarrabawa guda.

Ku kwantar da hankalinku. Aski na yi shi, ido takwas-takwas, na ƙirga sau biyu. Rassan da na datse dami uku ne, duk na zuba a tanderu, na tsaya har suka zama toka. Ko tsinke ban bari ba. Boltavoy ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, ɗan miƙo ɗaya mana, tsohon ai ba ya gani daga Siberiya." Na ce masa amana ce.

Yanzu ga albishir. Wani abokina da ya karanta aikin gona ya ba ni littafi. Littafin ya nuna cewa binne inabi kowace shekara yana karya rassa, yana ruɓar da ido, kusan kashi ɗaya cikin biyar. A manyan gonakin kwari yanzu a kan waya ake ɗora shi, ya sha iska. Na samo dirakai da waya, na ɗaga gindi taran duka na ɗaure. Baffa, da kun gan su a jere kamar sojoji. Na kuma haƙa rami zagaye da kowane gindi, har saiwa ta bayyana, don a zuba taki. An yi mini alkawarin amalanken taki mako mai zuwa. Ban binne ba, tunda littafin ya ce sanyin shekaru goman nan bai kai na kisa ba. Lissafin yana bayan takardar nan.

Boltavoy ya ce wai shanyar wanki na yi wa inabin. Na ƙyale shi.

Ɗanku mai biyayya, Normurod

*

Novosibirsk, 19 ga Nuwamba

Normurod,

Ina gaisuwa. Ƙafa tana nan a rataye. Da ba a rataye take ba, da yanzu ina cikin jirgin ƙasa da sanda a hannu.

Na karanta wasiƙarka sau uku. A karo na uku mutumin da ke gadon kusa da ni, wani direban motar katako, ya kira mai jinya, ya zaci raina ne ke fita.

Shekara goma ka lissafa. Madalla. Ni shekara sittin da bakwai na lissafa, da jikina. Mutumin da ya rubuta littafinka a kwari yake zaune, mu kuwa dutse ne a bayan gidanmu, sanyi daga kansa yake gangarowa ya kwanta daidai bayan ɗakin shanya. Kana ganin ubannin namu son wahala ne ya sa suke tura ƙasa da shebur kowace kaka, su tone ta kowace bazara? Ido ɗaya cikin biyar yana ruɓewa, gaskiya ne. Muna ba ƙasa ɗaya ne don ta bar mana huɗu.

Ramin nan da ka haƙa ya fi wayar tayar mini da hankali. Ka tuɓe wa tsoho riga da wando, ka tsayar da shi a waje, kana jiran amalanke. Wa ya taɓa ganin amalanken da aka yi alkawarinsa mako mai zuwa ya zo mako mai zuwa?

Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ko kana tsakiyar darasi ne, ka ajiye alli. Ka cike ramukan. Ka kwance wayar, ka kwantar da rassan a hankali ta gefen da suka saba kwanciya, za ka ga gwiwarsu ta nuna maka. Ka binne. Ka kira Boltavoy, bakinsa ne kawai ba kyau, hannunsa ya san aiki.

Na roƙi mai jinya ta buga maka waya, ta ce sai ranar hutunta. Ban san ko ta gane abin da nake nufi ba, Rashancina na ciniki ne.

Hazratkul

*

Ƙauye, 21 ga Nuwamba

Baffa mai daraja,

Gaisuwa da fatan ƙafa tana samun sauƙi. Ban sami amsar wasiƙata ba tukuna, na ɗauka shirun yarda ce. Amma wani abu ya faru da ya kamata ku sani.

Jiya da hantsi Gwaggo Oynisa ta zo a kan jaki, da 'ya'yanta maza biyu, kowanne da shebur a kafaɗa. Ban taɓa ganinta ba, amma hancinku ne a fuskarta. Ta ce labari ya kai musu can ƙetaren tudu cewa Kumatun Amarya na tsaye a kan waya.

Na kawo shayi da gurasa ƙofa, kamar yadda kuka ce. Ba ta sha ba. Ta ce, "Ɗan nan, matsa. Kafin la'asar mun binne mun tafi, Yaya ba sai ya sani ba."

Na ce Baffa ya hana.

Ta ce, "Baffan naka yana can ƙafa a sama, kai kana nan kai a sama. Ka ga hankaki sun sauko daga dutse tun makon jiya? Ka ji yadda gwiwata ke yi?"

Na ce mata, cikin ladabi, ba a auna yanayi da gwiwa. Babban ɗanta ya yi dariya ya ce, "Inna, ƙyale shi, da alli zai rufe su." Sai na ɗauko wasiƙarku na karanta mata wurin da kuka ce kada ƙafar kowa daga gidanta ta taka lambu. Ta sa na maimaita. Ta tsaya a ƙofar nan kusan sa'a guda, tana leƙen lambun ta saman kafaɗata. Da za ta hau jaki ta ce, "Shekara talatin da ɗaya, har yanzu rubutunsa ya fi hankalinsa kyau."

Na tabbata rassa suka zo nema, shebur ɗin dabara ce. Ban bari sun wuce ba. Ina fata na kyauta.

Taki bai iso ba tukuna.

Ɗanku, Normurod

*

Novosibirsk, 5 ga Disamba

Normurod ɗana,

Lafiya lau, sai tari da ya same ni, da miyar kabeji safe da yamma.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, wataƙila ma a tasha ɗaya suka kwana ba su gaisa ba. Taka ta ashirin da ɗaya ta iso yau.

Abu huɗu na sa ka. Biyu na ceton inabi ne, biyu na rowa. Ka ɗauki na rowar ka cika su kamar wahayi, na ceton kuwa ka gyara su da littafi. Ina ta juya wannan a raina, na rasa wanda zan zaga tsakanina da kai.

Da na ce kada su taka lambu, ina nufin kada su taka shi da wuƙa. Mutum uku sun zo da shebur uku, a ranar da ka fi kowa bukatar shebur a duniya, ka tare ƙofa kana karanta musu ni. Oynisa tana da shekara tara ta fara binne gindin nan tare da ubanmu. Ta san gwiwar kowanne. Tana ce maka hankaki sun sauko, kai kana ba ta darasi.

Ban ce ka je ka kira ta ba. Ban kuma ce kada ka je ba. Kai dai ka binne, da kowane hannu ka samu.

Ka rubuto mini da gaggawa. Layi ɗaya ya isa: an binne, ko ba a binne ba.

Hazratkul

*

Novosibirsk, 29 ga Disamba

Normurod,

Gaisuwa. Kwana ashirin da huɗu ba takarda. Mai jinya ta daina biyowa ta gefen gadona in ta ɗauko wasiƙu, don kada in tambaye ta. Eshonkul ya zo dubiya, ya ce an ce masa dusar ƙanƙara ta rufe hanyar ƙauyukanmu, har jirgin ƙasa yana makara. Na ce to kafin dusar fa? Ya ce bai sani ba, ya ajiye mini lemo biyu ya tafi.

In kana tsoron rubutowa ne, ka sani shirunka ya fi duk abin da za ka rubuta muni.

Hazratkul

*

Ƙauye, 17 ga Janairu, 1969

Baffa,

Ina gaishe ku. Mutane lafiya, sai dai tumaki da yawa sun mutu a garin, an rufe makaranta mako uku. Motar wasiƙu yau ta fara shigowa, ta kawo naku biyu na Disamba tare.

Ba a binne ba.

Sanyin ya sauko ranar ashirin da bakwai ga Nuwamba, busasshe, ba dusa ko kaɗan, sararin sama tas. Da safe tulun da ke ɗakin girki ya tsage biyu. Wasiƙarku mai cewa in ajiye alli ta iso biyu ga Disamba. Wayar mai jinya ba ta zo ba sam. Na ajiye allin. Ni da Boltavoy muka fita da shebur da diga, ƙasa ta zama ƙarfe, digar tana tsalle tana dawowa. Ƙasar da na tono daga ramukan ta daskare a tsibi, muka hura wuta a kai muka samu kaɗan muka tura. Da na kwance reshe na farko zan kwantar, ya karye a hannuna kamar rake. Boltavoy ya ce, "Bari, Malam. Kada ka ƙara taɓawa." Bai yi mini ba'a ba ranar, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na kwashe barguna da katifun ɗakin baƙi na lulluɓe gindin, na ɗora ciyawar akuya. Dusa ba ta zo ba sai bayan kwana tara. Yanzu ta kai ƙugu, ba a ganin komai sai kan dirakaina.

Taki ya iso ranar sha biyar ga Disamba, a daskare.

Ban rubuto ba ko lokacin da hanya ke buɗe, na kwana biyu ina fara takarda ina yagawa. Littafin na mayar wa mai shi. Duk abin da kuka ce a kaina daidai ne.

Normurod

*

Novosibirsk, 8 ga Fabrairu

Normurod-jon,

Bayan gaisuwa. An sauke ƙafar, ina koyon tafiya kamar ɗan shekara guda, amma tarin ya sauka ƙirji, sun ce ba inda zan je sai bazara.

Ba zan zage ka ba. Na yi zagin duka a nan, direban katako ya haddace rabi, yana gwadawa a kan likita.

Tsohon gindi yana da taurin rai. Wani lokaci sama ta mutu, ƙasa ta turo sabon toho. In dusa ta narke, ka kankare bawon da farce kusa da ƙasa. In ka ga kore, ka bar shi. In ka ga launin ruwan ƙasa, ka tona ƙasa kaɗan ka sake kankarewa. Kada ka cire komai kafin itacen abarkot ya yi fure. Kada kuma ka karanta komai.

Tambaya ɗaya. Rassan da ka datse, ka ce dami uku. Ka tabbata duk ka ƙona? Babu wanda ya faɗi bayan tanderu, ko wanda akuya ta ja ƙarƙashin ciyawa? Da reshe ɗaya mai ido uku, in yana da rai, za a iya ta da gidan gaba ɗaya. Ka duba mini. Ko Boltavoy ya ɗauke ɗaya da ka juya baya, ka ce masa ba zan yi magana ba.

Hazratkul

*

Ƙauye, 4 ga Afrilu

Baffa mai daraja,

Gaisuwa. An ce an kusa sallamarku, mun gode Allah.

Na duba bayan tanderu, na juye ciyawar akuya, na tambayi Boltavoy. Ya rantse ya yi niyya, amma na tsare wutar kamar mai gadin banki. Babu ko ɗaya.

Abarkot ya yi fure ya zubar. Sauran lambun da ke gefen katanga ya fara toho daga ƙasa. Gindi taran na kankare su ɗaya bayan ɗaya, na tona har tsawon hannu. Ruwan ƙasa ne har saiwa, bawon yana saɓulewa, yana warin tsami. Duka taran.

Ranar Lahadi na haura tudu na je gidan Gwaggo Oynisa. Ba ku ce in je ba, ba ku ce kada in je ba. Ta gan ni a ƙofa ta ce, "A'a, mai ƙofa ne yau a ƙofar wani? Shigo, mu nan ba mu da takarda." Ta zuba mini shayi, ta turo faranti. Zabibin Kumatun Amarya ne, Baffa, na gane shi tun kafin in kai baki. A tsakar gidanta gindi huɗu ne, an tone su makon jiya, idanunsu sun kumbura.

Ita ta ba ni labarin da kuka hana ni tambaya. Ta ce da za a kai ta gidan miji ta roƙe ku reshe ɗaya, don ta riƙa ganin gidan ubanta, kuka ce 'ya mace ba ta fita da shi. Sai ta zaro uku daga bakin tanderu ta naɗe cikin bargon aurenta. Da kuka gani a gidanta bayan shekara uku, kuka juya daga tsakar gida, ba ku sake zuwa ba, ko rasuwar mijinta a ƙofa kuka yi ta'aziyya.

Sannan ta kai ni bayan ɗaki, ta sa ɗanta ya tone yashi. Rassa arba'in ne a ɗaure, kore shar. Ta ce ranar da na kore ta, da ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba ta yanke su ta binne, don ta san abin da ke tafe.

Na miƙa hannu. Ta buge shi. Ta ce, "Ba a ba ɗan aike. Mai lambun yana da baki, ko a Siberiya ya bar shi? Ya roƙa da kansa. Kuma ka faɗa masa ba za su jira shi ba, in an kwana ashirin sun tsiro a yashi sun lalace."

Na faɗa muku yadda ta faɗa, ban gyara komai ba.

Ɗanku, Normurod

*

Novosibirsk, 14 ga Afrilu

Zuwa ga Oynisa, 'yar Mirzakul.

Bayan gaisuwa. Ina fata kina lafiya, da 'ya'ya da jikoki, waɗanda ban san sunan rabinsu ba. An ce gwiwarki tana damunki. Tamu ce ta gado, ki riƙa ɗaura mata gashin raƙumi.

Wannan takarda ta huɗu ce. Ta farko ta cika da maganar bargo, na yaga. Ta biyu na ɗora wa Malam laifin komai, sai na tuna wanda ya rubuta masa abin da ya karanta miki a ƙofa. Ta uku ta yi kyau ƙwarai, amma babu roƙo a ciki.

Ubanmu ya ƙona, ni ma na ƙona, shekara arba'in ina tsaye a bakin tanderu ina jin kaina mai tsaron amana. Da kowane gida a layinmu yana da gindi ɗaya, da yanzu ina barci. Ke kaɗai kika ƙi jin magana, ga shi abin kakanmu a tsakar gidanki ya rage.

Oynisa, ki ba ni reshe. Ina roƙo.

Tara nake bukata. Sauran ki ba Boltavoy biyu, ya daɗe yana leƙe. Ki ba Malam biyu, amma ki tsaya a kansa, kada ya rataye su. 'Ya'yanki mata da suka yi aure, kowacce ki aika mata, a fili, ba cikin bargo ba.

Jibi zan hau jirgi, ni da takardar nan za mu yi tsere, kuma bana na ga yadda takardu ke gudu. In na riga ta, zan faɗa miki da baki. Ki ce wa yara su bar ƙofa a buɗe. Da sanda nake tafiya yanzu, ba zan iya tsayuwar sa'a guda a ƙofarki ba kamar yadda kika tsaya a tawa.

Yayanki, Hazratkul